Zama Ko Tafiya: Me Ya Fi Dacewa Da Mai Baƙin Ciki?

Idan aka yi rasuwa a Hunƙuyi ko Gazara ko Paki, abu na farko da ake yi bayan an dawo daga maƙabarta shi ne shimfiɗa tabarmi. Maza su zauna a ƙofar gida, mata a ciki, masu ta'aziyya na shigowa suna fita har kwana uku. Daga nan sai sadakar bakwai, a wasu gidajen har da ta arba'in. Matar mamacin kuwa za ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma. Duk wanda ya dubi wannan tsari zai ga cewa Bahaushe ya daɗe da yanke hukunci a kan maganar: wanda aka yi wa rashi ya zauna, kuma ya zauna cikin mutane.

A wasu ƙasashe kuwa akwai masu ganin akasin haka. Idan mutuwa ta yi musu yankan ƙauna, ko arziki ya karye, ko likita ya faɗa musu abin da ba su so ji ba, sai su ɗaura jaka a baya su kama hanya a ƙafa, su yi makonni ko watanni suna bin bakin teku. Da yawansu kan dawo su ce tafiyar ce ta mayar musu da hankalinsu. To wanne ne daidai? Wanda ya tashi ya bar gida saboda abin da ke cin zuciyarsa, haƙuri yake nema ko gudu yake yi? Tambayar ta shafe mu fiye da yadda muke zato, domin kusan kowace unguwa a Ikara da Maƙarfi da Kudan tana da labarin wani da aka ce ya shiga uwa duniya bayan wata jarrabawa ta same shi.

Bari mu fara da masu bin bakin teku. A kudu maso yammacin Ingila akwai wata hanyar ƙafa mai tsawon mil 630, wato sama da kilomita 1,000, wadda ta tashi daga garin Minehead ta bi gaɓar teku har zuwa Poole. A shekarar 2018 wata mata mai suna Raynor Winn ta fitar da littafi mai suna The Salt Path, inda ta ba da labarin yadda ita da mijinta suka bi wannan hanya bayan sun rasa gidansu, ga shi kuma an ce mijin yana ɗauke da wata cutar ƙwaƙwalwa marar magani. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai har aka mayar da shi fim. A shekarar 2025 jaridar Observer ta yi bincike ta ce akwai wuraren da labarin bai zo daidai da abin da ya faru ba, marubuciyar kuma ta fito ta kare kanta. Ko ma wane ne mai gaskiya a tsakaninsu, yawan mutanen da suka rungumi littafin ya nuna yadda jama'a ke ƙishirwar jin cewa ƙafa za ta iya yi wa zuciya magani. A Japan ma, a tsibirin Shikoku, akwai tsohuwar hanyar da ta kewaye tsibirin, tsawonta kimanin kilomita 1,200, tana bi ta wuraren ibada 88. Har yau ana samun masu taka ta a ƙafa bayan rasuwar mata ko miji ko ɗa.

Ba a rasa dalili ba. Mai baƙin ciki babban abin da ke wahalar da shi shi ne tunani mai kewaya wuri ɗaya: da na kai ta asibiti da wuri, da ban ci bashin nan ba, da ban faɗi maganar nan ba. Yana zaune tunanin na nan, ya kwanta ya hana shi barci. Amma wanda ya yini yana tafiya, damuwarsa takan ragu ta koma daidai da yini guda: ina zan sami ruwa, ina zan kwana, yaya zan yi da wannan kanta da ta fito mini a diddige. Da dare kuwa gajiya ta kayar da shi ko yana so ko ba ya so. Likitoci ma sun shaida haka. A shekarar 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 218, aka ga cewa motsa jiki, ciki har da tafiya a ƙafa da sassarfa, yana rage ciwon damuwa ragi na a zo a gani. Teku kuma yana da nasa aikin. Wanda ya tsaya gaban ruwan da ba ya ganin ƙarshensa, ya ga igiya na zuwa tana komawa ba ta san da shi ba, dole ya ji cewa duniya ta fi abin da ya dame shi faɗi.

Mu a nan ba mu da teku. Daga Maƙarfi zuwa bakin ruwa a Legas tafiyar yini da dare ce a mota. Amma in ana maganar doguwar tafiya a ƙafa, ba Bature ne zai koya wa Bahaushe ba. Garuruwan nan namu suna tsakanin Zariya da Kano ne, inda fatake suka yi ta kai da komo da jakunansu tun kafin layin dogo ya ratsa ta Likoro da Gimi ya isa Kano a 1911. Ayarin masu zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu, daga wannan zango zuwa wancan. Kalmomin zango da guzuri da masauki da sallama duk gadon wannan rayuwa ne, haka ma karin maganar da ke cewa tafiya sannu sannu kwana nesa.

Tafiyar da ta fi kowace tsawo ita ce ta gabas. Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai a shekarun 1950, mai niyyar aikin Hajji yakan bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, ya tsallake kogin Nilu, har ya isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda zai jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekaru ake yi a hanya. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙodago, a yi noma, a sake tashi. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, da yawa sun tsaya can neman kuɗin ƙarasawa, wasunsu har suka tsufa ba su ƙarasa ba kuma ba su dawo ba. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya yi bincike a kan zuriyarsu, ya fitar da littafi a 1995, ya tarar da jikokin da aka haifa a Sudan suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka har yanzu. Ashe mu ma muna da masu tafiyar da ke ƙarewa a bakin teku, sai dai su tekun mashiga ce, abin da suke nema yana tsallake.

A cikin masu wannan tafiya akwai waɗanda rashi ne ya tashe su. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, ya ratso ta tsakanin Kano da Zazzau. Talakawa da malamai da sarakuna suka riƙa barin gidaje da gonaki suna bin sa, ga damina ta kawo kai. Mutanen nan sun ga duniyar da suka sani ta rushe a gaban idonsu, suka ga ba za su iya zama su kalla ba. An tare su a Burmi a watan Yuli na wannan shekara, aka kashe Sarkin Musulmi da jama'a masu yawa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har Sudan, inda suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar, garin kuma yana nan har gobe. Shekara 99 kafin wannan, a 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Saboda haka ba za a ce tashi a lokacin tsanani baƙon abu ne a wurinmu ba. Mun gaji zama, mun kuma gaji tafiya.

Hikimar zaman makoki a fili take. Wanda aka yi wa rasuwa ba a barinsa shi kaɗai a kwanakin da hankalinsa bai dawo jikinsa ba. Maƙwabta su dafa abinci su kawo, dangi su zo daga nesa, kowa ya ce masa ya haƙuri, shi kuma ya amsa da haƙuri sai ma'aiki ko ya ce da godiya, har bakinsa ya saba da furta abin da zuciyarsa ba ta gama karɓa ba. Wannan gata ne da Baturen da ke bin gaɓar teku shi kaɗai sau da yawa ba shi da shi, kuma mai yiwuwa rashinsa na cikin abin da ke fitar da shi.

Sai dai tabarmar makoki tana da iyaka biyu. Ta farko, ana naɗe ta. Bayan kwana bakwai kowa ya koma harkarsa, alhali a lokacin ne gidan ke yin shiru, a lokacin ne mutum zai ga takalmin mamacin a bakin ƙofa. Ta biyu, akwai rashin da ba a shimfiɗa wa tabarma ko kaɗan. A shekarar 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a arewa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayu. Manomin da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa, ya wayi gari gonarsa ta ƙone kamar an sa mata wuta, wa ya je masa zaman makoki? Haka wanda rakensa ya yi kwantai, da wanda aka sallama daga aiki, da wanda aurensa ya mutu, da ɗan kasuwar da jarinsa ya narke. Irin wannan rashi jaje ɗaya ake yi masa a wuce, wani lokaci ma da gulma a bayansa. Kuma yana zuwa da abin da mutuwa ba ta zuwa da shi, wato kunya. Mutumin da jiya shi ake gaisarwa a majalisa, yau in ya hango wanda yake bin sa bashi sai ya sake hanya.

Mafi yawan waɗanda suke ɓacewa daga garuruwanmu daga cikin irin waɗannan suke. Abin da hanya ke ba su shi ne zama baƙo. A garin da ba a san ka ba, babu mai kallon ka da idon tausayi ko na dariya, babu mai auna yau ɗinka da jiyanka. Tsohon mai gona goma zai iya tura baro yana sayar da rake a Legas ko Fatakwal, ya yini yana taka ƙasa ga iskar teku na bugun sa, ba wanda zai ce dubi wane. Wannan hutu ne na gaske, kuma bai kamata wanda bai taɓa ɗanɗana karayar arziki ba ya yi saurin kiran sa ragwanci. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Mutane nawa ne suka tafi cin rani da karyayyar zuciya, suka dawo da ɗan jari da kuma ƙarfin sake kallon jama'a?

Amma akwai tambayar da littattafan masu bin bakin teku ba su cika yi ba: da ya tafi, wa ya bari? Raynor Winn da mijinta tare suka tafi, 'ya'yansu kuma sun girma. Namu matafiyin sau da yawa yakan bar mata da yara ƙanana da tsohuwa a ɗaki, ya kuma bar bashin da ya kore shi. Masu bin bashi ba za su bi shi Fatakwal ba, ƙofar gidan za su zo. Kunyar da ya guje wa matarsa ce za ta ɗauke ta, ta haɗa da tata. Ita ce za ta yi ta dakau da wankau, ita ce za ta ɗora wa yarinya talla, ita ce za ta amsa tambayar yaro in ya ce yaushe Baba zai dawo. Nauyin bai ragu ba, kafaɗa kawai ya sauya. Malaman fiƙihun Malikiyya sun san wannan matsala tun da daɗewa, shi ya sa suka yi babi a kan matar wanda ya ɓace: in ta kai ƙara gaban alƙali aka bincika ba a sami labarinsa ba, za ta jira shekara huɗu sannan ta yi idda, in kuma bai bar mata abin ci ba tana da damar neman a raba auren tun kafin haka. Shekara huɗu ba wasa ba ce a rayuwar mace. Dokar da kanta shaida ce cewa tafiyar mutum ɗaya takan daure wani a wuri ɗaya.

A nan ne kuma za mu ga cewa ba kowa aka ba wa hanya ba. Namiji in abin duniya ya ishe shi ya saɓa jaka, a ce ya tafi nema. Mace in ta yi haka sunan da za a kira ta da shi daban ne. Ita aka ce ta zauna, ko da zaman ne ke cin ta. Har a takaba ma al'ada takan tsananta fiye da shari'a, domin malamai sun yarda mai takaba ta fita da rana don buƙatarta, muddin za ta kwana a ɗakinta, amma a wasu gidaje ko zaure ba a bari ta leƙa. In har mun yarda cewa motsi da sauyin wuri suna sauƙaƙa wa zuciya, to adalci ne mu tambayi kanmu dalilin da ya sa muka ware wannan sauƙi ga rabin jama'a kawai.

Akwai kuma waɗanda tafiya ba zaɓinsu ba ce. Mutanen da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Zamfara sun taka ƙasa da yara a goye, ba don neman natsuwa ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace suka ci gaba a ƙafa. Talauci ne ya fitar da su daga kudancin Nijar. Duk mai yabon doguwar tafiya ya tuna da su, ya san cewa tafiya tana zama magani ne ga wanda yake da ikon tsayawa in ya ga dama, kuma yake da inda zai koma.

To ta yaya za a bambance tafiyar haƙuri da ta gudu? A ganina alamomin suna cikin al'adar matafiyanmu na dā. Mai tafiya gabas ba ya sulalewa da asuba. Yakan bi gida gida ya yi sallama, ya nemi gafara, ya biya bashin da zai iya biya, wanda ba zai iya ba ya yi magana da mai shi, ya bar wa iyali abin da za su ci ko ya damƙa su a hannun wani ɗan'uwa, wani ma ya ba matarsa zaɓi tun da bai san ranar dawowa ba. Yana da inda ya nufa, mutane kuma sun san inda ya nufa. Wanda ya tafi a haka ya ɗauki kayansa ne a kansa. Wanda ya fita ba sallama, ya kashe waya, ya sauya layi, ya bar mahaifiyarsa tana bin malamai a duba mata ko yana raye, wannan ya sauke kayansa ne a kan mutanen da suka fi shi rauni, ko da kuwa zafin da ya kore shi na gaskiya ne. Ana iya tausaya masa ba tare da an ce ya kyauta ba.

Labarin Nana Hajara ya ƙunshi wannan duka. An bar ta a kwarin da ba ruwa ba shuka, ga jariri yana kuka. Ba ta zauna ta rungume hannu ba, ta tashi ta yi ta kai da komo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai. Amma duk kai da komon nan ba ta yi nisan da za ta manta da yaron ba, kuma a wurin yaron ruwan ya ɓuɓɓugo. Miliyoyin alhazai suna maimaita wannan tafiya kowace shekara. Darasin da ke ciki ga mai baƙin ciki shi ne ya motsa, amma motsin da ke kewayowa ga waɗanda ke wuyansa.

Kuma ba lallai sai an yi mil 630 ba. Yanayin tsaro ma a yau bai ba da damar mutum ya kama daji shi kaɗai na kwanaki ba, hanyar lafiya kuwa a bi ta da shekara. Abin da ya rage mana, kuma yake hannun kowa, shi ne ƙaramar tafiya da babur ya raba mu da ita. Iyayenmu sukan taka daga ƙauye zuwa kasuwar Maƙarfi ko ta Ikara su dawo, sukan je gaisuwar dangi a ƙafa su kwana biyu. Yau ko masallacin Juma'a sai an hau acaɓa, mai baƙin ciki kuma ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ya ƙura wa waya ido har asuba. Wanda aka yi wa rashi zai iya fita bayan sallar asuba ya bi hanyar gona ta cikin fadamun rake na awa guda, ya dawo ya karya da iyalinsa. Zai iya ɗaukar mako guda ya je wurin ƙanwar mahaifiyarsa a Likoro ko Auchan, da sanin mutanen gida. Matar da ta fita takaba, maimakon a ce ta ci gaba da zama, a bar ta ta je ganin gida, ta zaga dangi, ta sha iskar wani gari.

Mu kuma da muke kewaye da su akwai abin da ya hau kanmu. In an naɗe tabarma, aboki na gari shi ne wanda zai zo bayan sati biyu ya ce, Malam, taso ka raka ni gona. A hanya ba sai an kalli juna ido cikin ido ba, shi ya sa maganar da ta ƙi fitowa a zaure takan fito a kan turba. Wanda kuma ya yi asarar dukiya, a je masa kamar yadda ake zuwa gidan rasuwa, a zauna da shi, a shiga tsakaninsa da masu bin sa bashi, tun kafin kunya ta sa ya ga babu mafita sai tasha. In kuwa aka ga baƙin cikin ya wuce misali, mutum ya daina ci ya daina barci har tsawon makonni, ko ya fara maganar gara ya mutu ya huta, to wannan ya wuce aikin ƙafa. A kai shi ga likita. Asibitin koyarwa na Shika yana kusa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, zuwa can kuma ba abin kunya ba ne.

Saboda haka idan ɗan'uwanka ya zo ya ce maka garin nan ya yi masa zafi yana son ya ɗan taɓa hanya, kada ka yi saurin ce masa ya yi haƙuri ya zauna, domin wataƙila tafiyar ce hanyar haƙurinsa. Ka tambaye shi ina ya nufa, wa zai riƙe gidan, me ya shirya da masu bin sa bashi, kuma yaushe za a sa ran ganinsa. In ya amsa waɗannan, ka taimaka masa da guzuri, ka raka shi tasha, ka kuma riƙa leƙa iyalinsa har ya dawo.